Birnin Bauchi da Salsalar Gidajensa: Waiwaye a Kan Tarihin Gari da Tushen Mutanensa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai wani reshe na nazarin tarihi wanda ya daɗe da kafuwa, wanda kuma bai damu da sarakuna da yaƙe-yaƙensu ba, illa ƙauye guda da iyalan da suka zauna cikinsa. Abin da ya sauƙaƙa wa masu wannan nazari aikinsu shi ne umurnin da Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na VIII, ya bayar a shekarar 1538, cewa kowace gundumar coci ta tanadi littafin da za a riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. A 1837 gwamnati ta kafa tata rajistar ta haihuwa da aure da mutuwa, daga ƙidayar 1841 kuma aka shiga rubuta sunayen mutane gida-gida. Saboda haka a ƙauyukan da littattafansu suka tsira daga gobara da ɓeraye, ana iya bin zuriyar manomin da bai taɓa riƙe ko da mai unguwa ba, har tsawon shekaru ɗari huɗu.

Mai nazarin garuruwan ƙasar Hausa da maƙwabtanta bai sami wannan gata ba. Birnin Bauchi misali ne mai kyau, domin gari ne sabo idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina ko Daura. Shekarunsa ɗari biyu ne da 'yan kai, an san wanda ya kafa shi, an kuma san shekarar da aka kafa shi. Duk da haka, salsalar da aka adana sosai ita ce ta gida ɗaya tak, wato gidan Malam Yakubu. Wannan maƙala za ta bi tarihin birnin ta fuskar sunansa da kafuwarsa da unguwanninsa da zuriyar sarakunansa, tare da duba abubuwan da za su iya tsaya wa mai bincike a madadin littafin rajistar da babu.

2.0 Sunan Bauchi

Labarin da ya fi yaɗuwa a bakin mutanen gari shi ne na wani maharbi mai suna Baushe, wanda Malam Yakubu ya tarar a wurin. An ce shi ya ba shi shawara ya kafa garinsa yamma da dutsen Warinje, shi kuwa Yakubu ya yi masa alkawarin sa wa garin sunansa. Labari ne mai daɗin ji, kuma ire-irensa suna da yawa: da wuya a sami tsohon gari a Arewa wanda babu maharbi a farkon labarinsa.

Sai dai kuma rubutattun madogara sun nuna cewa kalmar ta girmi birnin. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812, ya ambaci Bauchi a matsayin yanki mai faɗi mai garuruwa da yawa, har ya sa shi cikin ƙasashen da Amina ta Zazzau ta yaƙa. Mahdi Adamu (1978) ya yi bayanin cewa Hausawan da suna kiran ɗaukacin ƙasashen da ke kudu da su “ƙasashen Bauchi”. Wasu marubuta, musamman Turawan mulkin mallaka, sun danganta kalmar da “bawa” ko “bauta”, bisa hujjar cewa daga can ake kamo bayi. Wannan fassara ba ta yi wa mutanen yankin daɗi, kuma kamancin sauti shi kaɗai bai isa hujja ba a ilmin asalin kalmomi. Abin da ya tabbata dai shi ne, sunan yanki ne tun kafin ya zama sunan gari. Hasali ma matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun fi sanin birnin da “Yakoba”, wato garin Yakubu. Wannan faffaɗar ma'ana ba ta ɓace da wuri ba, domin ƙaramin layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa filayen kuza na Jos da Bukuru, wanda aka rufe a 1957, sunan Bauchi aka sa masa, alhali bai taɓa zuwa kusa da birnin ba. Sai a 1961 ne jirgin ƙasa ya iso Bauchi, ta wani layin dabam.

3.0 Malam Yakubu da Kafuwar Birni

Yakubu ɗan Dadi Bageri ne, wato daga al'ummar Gerawa, kuma ana danganta haihuwarsa da garin Tirwun, wanda yanzu birnin ya kusa haɗiyewa. Ruwayoyi sun nuna cewa mahaifinsa ya miƙa shi ga wani malami mai suna Malam Isiyaku, ta hanyarsa ne kuma ya isa Degel, ya zama almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bayan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, Yakubu ya karɓi tuta, jerin sarakuna kuma yakan fara lissafin mulkinsa daga 1805. Akan ce shi kaɗai ne ba Bafulatani ba daga cikin manyan masu tuta, kuma wannan batu yana da nauyi a tarihin masarautar. Fulanin yankin sun riga shi yawan dukiya da dawaki, amma Shehu ya fifita ɗan ƙasa wanda ya yi karatu a gabansa. Duk tsarin sarautun Bauchi daga baya ya ginu ne a kan neman daidaito tsakanin gidan sarki da gidajen waɗannan Fulani da suka yi masa mubaya'a.

Akwai abin lura game da shekarar haihuwarsa. Littattafai da dama suna ba da 1753. Idan haka ne, to ya girmi malaminsa ke nan, tunda an haifi Shehu a watan Disamba na 1754. Yana da shekara 74 ya jagoranci yaƙi da Barno, ya kuma rasu yana da 92. Ba abu ne da ba zai yiwu ba, amma bai zauna daidai da ruwayar da ke nuna shi yaro ne aka miƙa ga malami aka tafi da shi neman ilmi ba. Irin wannan adadi yakan samu ne ta hanyar lissafi da baya: a ɗauki shekarar rasuwa, wadda aka sani, a cire shekarun da tsofaffi suka ce mutum ya yi a duniya. Shekarar rasuwar sarki abin dogaro ce, domin al'amari ne na hukuma wanda ake aika wa Sakkwato labarinsa. Shekarar haihuwarsa kuwa, babu wanda ya san zai zama sarki balle ya rubuta.

Yakubu ya fara zama a Inkil, gabas da inda birnin yake, kafin ya kafa Bauchi a 1809, shekarar da Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato. Daga nan ikonsa ya miƙa kudu. Madakinsa Hassan ne ya kafa mulkin Wase a wajajen 1820, Lafiyar Barebari ma ta shiga biyan gaisuwa ga Bauchi. Amma abin da ya ɗaukaka sunan Yakubu a daular Usmaniyya shi ne karonsa da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, a farkon 1827. Rundunar Barno ta nufo Kano, Yakubu ya tare ta a Fake, ta juya. Baturen nan Hugh Clapperton yana Sakkwato a lokacin, ya kuma rubuta isowar labarin a littafin tafiyarsa, 'yan makonni kafin ya mutu a can. A sanadin wannan yaƙi ne Misau ta shiga hannun Yakubu, daga baya Sarkin Musulmi Bello ya ba da ita ga Mamman Manga ɗan Gwani Muktar a 1831. Yana da kyau a riƙe sunan Misau, don zai sake fitowa a wuri mara daɗi.

4.0 Ganuwa da Ƙofofi da Unguwanni

Ganuwar birnin ta kai kimanin kilomita 10 da rabi a kewaye. Akan lissafa mata ƙofofi tara, daga cikinsu akwai Ƙofar Ran, da Wunti, da Wambai, da Jahun, da Nassarawo, da Dumi, da Tirwun, da Wase. Bajamushe Eduard Vogel ya ziyarci garin a 1855, ɗan ƙasarsu Gerhard Rohlfs kuma a 1867, shi ne ma ya ƙiyasta mutanensa da 150,000. Wannan adadi ya yi yawa. Ƙiyasin baƙo ne mai wucewa, kuma ganuwar biranen wancan zamani takan haɗa da gonaki da fadamu, saboda mutane su sami abin ci in an kewaye su da yaƙi. Amma ko an rage rabinsa, ya nuna cewa cikin shekara sittin da kafuwarsa garin ya zama babbar kasuwa.

Sunayen ƙofofi da unguwanni su ne littafin rajista na farko da birnin ya mallaka. Wasu ƙofofin suna ɗauke da sunan garin da hanyarsu ta nufa, kamar Tirwun da Wase. Ƙofar Wambai ta ɗauki sunan sarauta. Jahun kuwa suna ne da ke tuna Fulani Jahunawa. A cikin gari akwai Unguwar Barno da Nufawa, waɗanda sunayensu suka bayyana asalin waɗanda suka fara zama cikinsu, akwai kuma Karofi, inda suna ya nuna sana'ar rini. Ko mazaɓun zamani na cikin gari, irin su Majidaɗi da Makama da Ɗan'iya da Hardo da Dawaki, sunayen sarautu suka gada. Wanda duk ya bi waɗannan sunaye a hankali zai ga cewa Bauchi tun farkonta gari ne na haɗaka: Gerawa da Fulani da Hausawa fatake da malamai, da Barebari, da Nufawa masu saƙa, da ɗimbin mutanen duwatsu waɗanda wasu suka shigo da ƙafarsu, wasu kuma aka shigo da su a ɗaure.

Sai dai sunan unguwa yana faɗin wanda ya fara zama ne kawai. Bayan auratayya ta shekaru ɗari biyu, da saye da sayar da gidaje, ba kowane mazaunin Nufawa ne yake da kaka Banufe ba. Ita kanta ganuwar mafi yawanta ta zube, an gina gidaje a kan gurbinta, musamman bayan da Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976. Ƙofofin da ake gani an sake gina su ne da kayan zamani.

5.0 Salsalar Gidan Sarauta

Sarakuna goma sha ɗaya aka yi daga Yakubu, kuma dukkansu zuriyarsa ne. A wannan fuska Bauchi ta bambanta da Zazzau, inda sarauta take zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Amma kasancewar gida ɗaya ne bai hana rikici ba. Ya dai mayar da shi cikin gida.

Yakubu ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi, ya yi shekara 32. Zamaninsa ya zo daidai da tasowar Ningi. A wajajen 1846 wasu malamai Hausawa ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani kan haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa. Cikin 'yan shekaru suka zama ƙarfin da ya addabi Kano da Zazzau da Bauchi gaba ɗaya, musamman a zamanin Ɗan Maje. Adell Patton (1975) ya yi cikakken nazari a kan wannan. Martanin Bauchi shi ne kafa ribaɗi a arewa. Kafin Madaki na cikin irin waɗannan garuruwa, kuma a can ne gidan Madaki yake, wanda ake danganta gininsa da Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau, aka kuma sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956. Rauta, mai tazarar kilomita hamsin da 'yan kai arewa maso yamma da birni, ita ma ta zama mazaunin sarki a ƙarshen zamanin Ibrahim da zamanin magajinsa. Wato tsaron iyaka ya fitar da sarki daga birninsa, ya bar fada da kasuwa a hannun 'yan'uwansa.

A 1877 sarauta ta koma hannun Usman ɗan Ibrahim, alhali akwai 'ya'yan Yakubu na cikinsa da ransu. A nan ne salsala ta zama abin zubar da jini. Tambayar ita ce, shin gadon Yakubu na 'ya'yansa ne su bi juna bisa girma, ko kuwa ya zama na reshen Ibrahim, daga uba sai ɗa? Halilu ɗan Yakubu, baffan sabon sarki, ya ƙi yarda, jama'a da dama a cikin birni suka mara masa baya. A wajajen 1881 abin ya kai ga yaƙin basasa. Usman ya nemi taimakon Sarkin Misau Sale, aka ci birnin, aka kashe Halilu, aka wawashe dukiya, aka kuma kama mutane da yawa, Musulmi 'ya'ya, aka sayar. Garin da Yakubu ya ci da yaƙi shekara hamsin da suka wuce, shi ne aka gayyato ya zo ya ci Bauchi.

Sakkwato ba ta bar abin haka ba. A 1883 aka tuɓe Usman, aka naɗa Umaru ɗan Salmanu, wani jikan Yakubu. Hikimar wannan zaɓi a fili take: ba a mayar da sarauta ga reshen da ya yi tawaye ba, ba a kuma bar ta ga reshen da ya yi ɓarna ba, sai aka ɗauko na uku. Amma da wannan hukunci ne rassa suka tabbata a gidan, kowanne yana da sarki a tarihinsa, saboda haka yana da hujjar neman gado. Yana da amfani a tuna cewa shekara goma bayan haka, a 1893, Kano ta faɗa cikin nata basasar tsakanin Tukurawa da Yusufawa, a kan tambaya mai kama da wannan. Matsala ce ta tsara ta uku a daular: masu tuta sun shuɗe, 'ya'yansu sun tsufa, jikoki sun yi yawa, muƙamai kuwa ba su ƙaru ba.

Umaru ya yi shekara 19. A watan Fabrairu na 1902 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta iso Bauchi, tare da William Wallace, ta shiga ba tare da yaƙi ba. Turawa suka tuɓe Umaru, suna kafa hujja da harin da ya kai wa Gwaram 'yan shekaru kafin zuwansu, suka bar C. L. Temple a matsayin Razdan na farko. Muhammadu Mu'allayidi ɗan Ibrahim, wanda suka naɗa, bai cika shekara ba ya rasu. Hassan ɗan Mamudu ya yi daga 1903 zuwa 1907. Daga nan sai Yakubu na II ɗan Usman, wanda ya yi shekara 34, har 1941. Abin lura a nan shi ne, ɗan sarkin da Sakkwato ta tuɓe shi ne ya fi kowa daɗewa a zamanin Turawa. Bayansa sai Yakubu na III ɗan Umaru, daga 1941 zuwa 1954.

Saukar Yakubu na III ta zo ne a lokacin da ake yi wa mulkin En'e garambawul, aka rage ikon sarki shi kaɗai aka haɗa shi da majalisa. Shekara guda kafin nan, a 1953, Lamiɗon Adamawa Ahmadu ma ya bar gado. Ya koma Wase da zama, shi ya sa ake masa laƙabi da Maje Wase, kamar yadda Kanawa ke cewa Maje Ringim da Maje Karofi. Irin wannan laƙabi yana da amfani ƙwarai ga mai bin salsala, domin a gidan da sunayen Yakubu da Ibrahim da Usman suke maimaituwa tsara bayan tsara, laƙabi ne kaɗai yake raba wannan da wancan.

Daga 1955 tsarin ya sake sauyawa. Adamu Jumba ya yi sarauta har 1982, ɗansa Sulaimanu Adamu ya gaje shi har rasuwarsa a watan Yuli na 2010, sannan aka naɗa ɗansa Rilwanu Sulaimanu Adamu. Gado daga uba zuwa ɗa, wanda ya jawo yaƙi a 1881, ya gudana sau biyu a jere ba tare da an zare takobi ba.

6.0 Gidajen da ke Bayan Fada

Bayan gidan sarki, salsalar da aka fi kiyayewa ita ce ta manyan sarautu, domin su ma gado ne. Da Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, sai kowace sarauta ta manne da wata ƙasa: Madaki da Ganjuwa, Sarkin Yaƙi da Lame, Ajiya da Lere. Tarihin waɗannan gidaje yana nan a bakin makaɗansu da maroƙansu, kuma kirari yakan jero kakanni a tsare. Sai dai maroƙi ba alƙali ba ne. Wanda aka tuɓe da kunya, ko reshen da ya talauce, yakan faɗi daga jerin ba tare da an ce komai ba.

Mutane biyu da Bauchi ta fi alfahari da su a ƙarni na 20 ba daga gidan sarauta suka fito ba, kuma sunayensu suna koyar da darasi game da salsala. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne mai hidima a gidan Ajiya, kamar yadda Trevor Clark (1991) ya bayyana. Ke nan asalinsa ɗaya da gidan sarki ta fuskar ƙabila, amma tazarar matsayi mai nisa ce. Shi ne kuma ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara. Sunan da duniya ta san shi da shi ba na uba ba ne, ba na kaka ba. Sunan gari ne, wanda aka ce ya samo asali daga kalmomin Fulatanci biyu masu nufin baƙin dutse. Haka abin yake ga Sa'adu Zungur, wanda ya fito daga gidan malamai na cikin birni, ya rasu a 1958: Zungur sunan ƙasa ne a kudu da Bauchi. Abokin gwagwarmayarsu Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi a farkon shekarun 1940, shi ma sunan garinsu yake ɗauke da shi.

Wannan al'ada ta makarantun boko ce, musamman Kwalejin Katsina, inda ake laƙaba wa ɗalibi sunan garinsu don a bambanta Abubakar da Abubakar. Illarta ga mai bincike ita ce, mutum goma masu amsa sunan gari ɗaya ba lalle ne su haɗa jini ba, 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya kuma suna iya ɗaukar sunaye mabambanta. A Ingila sunan iyali yana bin zuriya ɗaruruwan shekaru, shi ne zaren da ake ja. A nan kuwa sunan uba ne ke bin ɗa, ya canza a kowace tsara.

Akwai kuma waɗanda salsala ta yi shiru a kansu gaba ɗaya. Na farko su ne mata. Jerin sarakuna yana faɗin uban kowane sarki, ba ya faɗin uwarsa, alhali a gidan da 'ya'ya suka yi yawa, ɗaki ne yake raba ɓangarori, kuma ta wajen iyaye mata ne jinin mutanen duwatsu ya shiga manyan gidaje. Na biyu su ne bayi da zuriyarsu, waɗanda aka raba da sunayensu na asali tun ranar da aka kamo su, jikokinsu kuma ba su da sha'awar a tono zancen. Duk tarihin Bauchi da ya tsallake waɗannan rukunoni biyu, ya tsallake mafi yawan mutanen garin.

7.0 Harshe a Matsayin Shaida

Birnin yana zaune ne a tsakiyar ɗaya daga cikin yankunan da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Russell Schuh (1978) ya yi nazarin Geranci da Gerumanci da Galambanci, ya nuna danginsu da Bolanci da Tangale. Kiyoshi Shimizu, shi ma a 1978, ya bi harsunan kudancin Bauchi, irin su Geji da Polci da Zaar. Duk waɗannan 'yan gidan Cadi ne kamar Hausa. Jaranci kuwa daga wani gida dabam yake, danginsa suna wajen harsunan Bantu.

Bausanci, wato karin Hausar Bauchi, yana ɗauke da alamun wannan cuɗanya. Bambancin jinsi ya raunana a cikinsa, har akan ji “motan sarki” a inda Bakano zai ce “motar sarki”. Haka nan akan ji “ya kawo ruwa wa sarki” a maimakon “ya kawo wa sarki ruwa”. Ana danganta irin waɗannan siffofi da kasancewar Hausa harshe na biyu ne ga kakannin yawancin masu magana da ita a yankin. Idan haka ne, to karin harshen da kansa shaida ne a kan asalin mutanen gari, ko da su sun manta. Abin takaici shi ne Geranci, harshen kakannin wanda ya kafa birnin, yana ja da baya a gaban Hausa, yara da yawa a garuruwan Gerawa ba su tashi da shi ba. Sunayen wurare da na dangi da waƙoƙin gargajiya da ke cikinsa ba sa fassaruwa su tsira. Tsohon da ya san su in ya tafi, ya tafi da su.

8.0 Rubutattun Madogara

Abin da aka buga game da Bauchi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da Kano ko Sakkwato. Akwai kundin lardin Bauchi da F. B. Gall ya tattara a 1920, da babin da Hogben da Kirk-Greene (1966) suka keɓe wa masarautar, sai kuma kundin digiri na uku na A. Y. Aliyu (1974) a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya bi kafuwar mulkin masarautar daga 1805 zuwa 1903. Dukkansu daga fada suke kallon gari, ko daga ofishin Razdan.

Amma akwai takardun da ba a rubuta su don tarihi ba, waɗanda kuma su ne suka fi kusa da littafin gundumar cocin Ingila. Rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma, waɗanda ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, suna ɗauke da jerin dagatai da labarin asalin ƙauyuka. Littattafan haraji da jangali na En'e suna da sunayen masu gida. Ijazar malamai tana jero wanda ya karantar da wane. Mafi daraja duka su ne littattafan kotunan alƙalai, musamman shari'o'in rabon gado, domin shari'ar Musulunci ta tilasta a ambaci kowane magaji da dangantakarsa da mamaci: matansa, da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa in suna raye. A shafi guda na rabon gado ana samun abin da kirari ba zai taɓa faɗi ba, wato sunayen mata, da na talakan da ya bar gona ɗaya da akuya biyu. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Nijeriya ba ta zo ba sai a 1979, shekara 441 bayan umurnin Cromwell. Duk wanda aka haifa a Jahun ko Karofi ko Nufawa kafin wannan lokaci, in ba ɗan sarauta ba ne, sunansa yana cikin ɗayan waɗancan littattafai na alƙali ko na mai karɓar haraji, a rubuce da ajami ko da boko, a kan takardar da gara da damina suke ci.